Baƙin Takalmin Ma'aikaci

Kowace shekara a kan sami samari daga unguwannin cikin birnin Kano waɗanda Allah ya kan yi wa buɗi su sami aikin ofis, waɗansu a ma'aikatun Gwamnati, waɗansu a banki, waɗansu kuwa a kotu ko makaranta. Daga ranar da takardar ɗaukar aiki ta zo hannu, sai gida ya shiga shawarar tufafi. Maganar riga da hula ba ta da wuya, don kuwa babu Bakanon da za a koya wa zaɓen shadda, tun yana yaro ya ke ganin yadda manya ke murza yadi a Kantin Kwari kafin su taya. Inda a ke tafka asara shi ne wajen takalmi. Saurayi ya kan shiga kasuwa da kuɗin da ya ranto, ya hangi wani baƙin sau-ciki yana walƙiya kamar madubi, mai kanti ya rantse masa ɗan Italiya ne, ya biya ya tafi yana murna. Kafin damina ta fita, sai ka ga takalmin ya fara saɓa kamar maciji, ƙasansa kuma ya buɗe baki.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce wadda ba ta isa a ɓata mata takarda ba. A shekarar 2024 aka mai da mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa naira 70,000 a wata, Gwamnatin Jihar Kano kuwa ta yanka 71,000. Mutumin da ya fara aiki a kusa da wannan matsayi, ga kuɗin mota, ga cefane, ga iyaye sun sa ido, in takalminsa ya mutu cikin wata huɗu, to, wani bashin zai sake ci. Banda haka kuma akwai ayyukan da ba a ba mutum zaɓi. Ɗalibin Makarantar Koyon Aikin Lauya, ko a Bagauda ya ke ko a wani reshen, da baƙin takalmi ya ke shiga aji, haka lauya in zai tsaya gaban alƙalin babbar kotu, haka ɗan sanda. Ma'aikacin banki ma da wuya ya kuɓuta. Ga waɗannan mutane takalmi kayan aiki ne, daidai da alƙalami.

Abin mamaki, garin da a ke cutar mutane da takalmin roba shi ne garin fata. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka san takalmin gashin jimina cikin kayan sarauta, shi ne kuma Sarkin da a ke danganta kafa Kasuwar Kurmi gare shi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da sunan Abdulkarimu, ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa bayan tufafin saƙi babu abin da birnin ke aikawa ƙasashe masu nisa kamar takalma. Ya ƙiyasta cinikinsu a kan wuri miliyan 10 a shekara, ya ce mafi kyawunsu, wanda a ke kira taka-saraki, wuri 200 a ke sayar da shi, ya kuma yi mamakin ganin waɗansu Larabawa zaune a Kano suna ɗinka takalma da fatar ƙasar nan a na kai su ƙasashen Larabawa na arewa. Jar fatar akuyar Sakkwato kuwa, wadda a ke rinawa da karan dafi, ita ce ta bi ayarin raƙuma ta haye hamada har ta isa Turai, Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, don ta can ta ke fito musu.

Amma fa abin da dukawanmu suka gwanance a kai shi ne fade da kubutai da takalman hawa. Baƙin sau-ciki mai igiya baƙo ne, tare da Turawa ya zo. Sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, sa'an nan akawuna da malaman kamfanoni daga kudu suka biyo ta suka zauna a Sabon Gari, da kwat da lakataya da takalmi mai ƙyalli. Daga baya yaran Midil da na Kwalejin Katsina suka shiga ofisoshin En'e da na Gwamnati, suka riƙe rigarsu da hularsu, amma suka karɓi takalmin. Kamfanin Bata, wanda Tomas Bata ya kafa a garin Zlin cikin ƙasar Cek ta yanzu a 1894, shi ya sauƙaƙa wa masu ƙaramin ƙarfi samunsa, har sunansa ya zauna a kan wani yanki na kusa da Kasuwar Sabon Gari, kowane mai a-daidaita-sahu ya san shi.

Dokar Bature da yinin Bakano

To, da takalmin ya zo, sai ya zo da dokokinsa. A wurin mutanen Ingila baƙi shi ne na aiki da na birni, ja ko ruwan ƙasa na hutu ne da ƙauye. Wanda suka fi girmamawa shi ne mai suna Oksfod, sunan garin nan mai babbar jami'a, alamarsa kuwa ita ce fatun nan biyu da a ke zura igiya cikinsu an ɗinke gindinsu a ƙarƙashin fatar gaba, sai bakinsa ya tsuke, ya kama ƙafa tsam. Mai bi masa shi ne Dabi, wanda fatun igiyarsa a ke ɗora su a sama, suna buɗewa kamar ƙofa mai ƙyaure biyu. Wanda ba shi da igiya ko kaɗan, watau lofa, su a wurinsu shi ne ƙarami, na shan iska. Duk littattafan koyar da ado da a ke rubutowa daga can wannan jeri su ke bi, samarinmu kuma su na ganin haka a wayoyinsu su ɗauka doka ce ta duniya duka.

Ba mu ce dokar wauta ce ba, amma ya kamata a tuna wanda aka yi ta dominsa. An yi ta ne don mutumin ƙasar sanyi, wanda zai ɗaure takalminsa da safe, ba zai kwance ba sai dare. Bari mu ɗauki ma'aikaci daga Zaitawa, ɗaya daga cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, mu bi shi yini guda mu gani. Da safe zai ɗaura takalmi a ɗakinsa, amma kafin ya fita sai ya shiga ya gai da mahaifiyarsa, ya tuɓe. In ya tarad da dattawa a zaure a kan tabarma, ya sake tuɓewa. Zai bi lungu da ƙafa har bakin titi, in da rani cikin ƙura, in da damina yana tsallake kwata. Ko a Gidan Murtala ya ke aiki ko a Sakatariyar Audu Baƙo, Azahar za ta same shi a ofis, sau da yawa har da La'asar, kowacce da alwalarta da shiga masallacinta. In an yi rasuwa a gidan abokin aiki za a tafi gaisuwa, can ma tuɓewa ce. In aiki ya kai shi fada ko gidan wani hakimi, ba sai an faɗa ba. Kafin ya koma gida ya tuɓe takalmin nan sau shida ko bakwai, kuma galibi a tsaye, cikin hanzari, ga mutane a bayansa su na jira.

Wani zai ce ai a na shafa a kan huffi. Haka ne, amma a mazhabar Malikiyya da mu ke bi sharaɗi ne abin ya rufe idon sawu, takalmin ofis kuwa a ƙarƙashin idon sawu ya ke tsayawa, saboda haka bai shiga wannan sauƙi ba.

Kowa ya san abin da ke faruwa ga mai igiya a irin wannan yini. Mako na fari a na kwancewa a ɗaure bisa ƙa'ida. Mako na biyu a bar igiyar sako-sako a riƙa cusa ƙafa da ƙarfi. Kafin wata ya cika an take bayan takalmin an mai da shi silifa, alhali kuwa a nan bayan ne aka sa wani abu mai tauri tsakanin fata da shafi don ya riƙe dunduniya, in ya karye ba ya miƙewa kuma. Ka je ƙofar kowane masallacin ma'aikata ka duba takalman da ke jere, za ka ga yawancinsu ta baya suka fara mutuwa, gabansu na nan sabo.

Saboda haka mu abin da mu ke gani, ga ma'aikacin da ba wata doka a kansa, wanda kuma kaftani ne yawan shigarsa, baƙin lofa maras ado, ko wanda aka ɓoye masa roba mai miƙewa a gefe, ya fi masa amfani nesa da Oksfod, kuma babu wani raini da zai jawo masa. Hasali ma ƙarƙashin wandon kaftani ko babbar riga ya fi mai igiya dacewa. Wanda kuwa aikinsa ya tilasta masa kwat, kamar lauya da ma'aikacin banki, gara ya nemi Dabi mai huda uku ko huɗu, don bakinsa ya fi faɗi, ya fi saurin shiga da fita, ya kuma fi yi wa mai tudun ƙafa adalci. Ko wanne aka zaɓa, a ajiye silifa ƙarƙashin tebur don zuwa alwala, a kuma sayi ɗan abin nan mai kama da cokali wanda a ke sawa a bayan dunduniya ƙafa ta sulala. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Akwai ma wata fa'ida ga takalmi maras ado wadda ba a rubutawa cikin littattafan Turawa: bai cika ɗaukar idon masu musanyen takalmi a masallacin Juma'a ba.

Fata ce ko leda?

Nan ne gizo ke saƙa. Harshenmu ma ya taimaka wajen ruɗin, don kalmar nan leda daga sunan fata ta fito a bakin Turawa, amma da ta shigo Hausa sai ta koma sunan robar da a ke ƙulla gishiri da ita ko a shimfiɗa a ɗaki. In mai kanti ya ce maka takalmin nan leda ce zalla, to, ko ta wane harshe aka ɗauka bai yi ƙarya ba. Ka tambaye shi da Hausa sosai, fata ce ko ba fata ba, sa'an nan kada ka tsaya ga amsarsa.

Abin da ke kasuwa iri uku ne. Akwai fatar gaske wadda aka bar mata fuskarta ta asali, inda gashi ya fito. Wannan ita ce mai ƙarko, ita ke shan mai, ita ce kuma ke ƙara kyau da tsufa. Akwai wadda aka tsaga, don ƙirgin sa yana da kauri har a kan raba shi biyu da inji, a ɗauki rabin ƙasa a shafe shi da roba a buga masa zane ya yi kama da fuskar fata. Wannan fata ce a suna, amma robar da ke kanta ita za ta tsage a daidai inda yatsu ke lanƙwasa, man takalmi kuma ba ya ratsa ta. Na uku yadi ne kawai aka lulluɓe da roba, shi ne mai saɓa.

Hanyar ganewa ba ta bukatar ilmin makaranta. Danna yatsa a gefen takalmin. Fatar gaske ta kan yi 'yan ƙananan tamoji masu bazuwa kamar bayan hannun mutum, in ka ɗaga yatsa su ɓace. Roba kuwa lotsawa ta ke yi sumul. Ɗaga harshen takalmin ka dubi bayansa da bakinsa inda aka yanka: in ka ga gashi-gashi kamar na ƙirgi, fata ce, in ka ga saƙar zare ko kumfa, ba ita ba ce. Ka shinshina, warin jima daban ya ke da warin gam da fenti. Ka kusanto da shi ido, fata tana da 'yan ƙofofin gashi waɗanda ba su jeru daidai ba, abin da inji ya buga kuwa zanensa maimaita kansa ya ke yi. Masu cewa a kunna ashana a gwada, mu ba mu ba da wannan shawara ba, kayan mutane ne.

Takalman da aka yi don kasuwar Turai su na da wata shaida. Dokar Tarayyar Turai ta 1994 ta wajabta a manna wa takalmi 'yar takarda mai hotuna, ta nuna abin da aka yi samansa da cikinsa da ƙasansa da shi. Hoton shimfiɗaɗɗiyar fata na nufin fata ce. Ɗan murabba'i tsaye a kan kusurwarsa na nufin roba ko wani abu daban. In murabba'in na cikin hoton fatar, to, fata ce mai rufin roba. Hoton saƙa kuwa yadi ne. Yana da kyau a san wannan, ko da ya ke wanda ya iya buga sunan Italiya a kan abin da bai taɓa ganin Italiya ba, ba zai kasa buga hoton fata ba. Yatsa da hanci sun fi takarda gaskiya.

Kada kuma a manta da ciki. Mutane su kan ƙura wa waje ido su bar shafin da ƙafa za ta kwanta a kai, alhali a garin da zafi ke kai awo 40 a watan Afrilu, shafin ciki shi ne rabin takalmi. Na fata yana tsotse gumi ya sake shi in an tuɓe. Na roba tara shi ya ke yi, daga nan sai wari, sai ƙaiƙayi da ruɓewar tsakanin yatsu, balle ga wanda ke mai da ƙafa cikin safa ba ta gama bushewa daga alwala ba. Don wannan dalili ne mu ke ƙin mai walƙiyar nan kamar gilashi. Su kansu Turawa don liyafar dare suka yi shi, ba ya numfashi, in kuwa ya tsage babu gyara.

Ga masu son sanin inda baƙin ya fito: majemanmu na gargajiya da bagaruwa su ke jima, baduku kuma in yana son baƙi sai ya shafa kuloko, wanda a ke haɗawa da kashin maƙera. Ƙarfen da ke cikin kulokon shi ke gamuwa da ɗacin bagaruwar da fata ta sha, nan take ta yi baƙi. Fatar da a ke yin saman takalmin ofis da ita a yau kuwa, galibinta da gishirin wani ƙarfe mai suna kurom a ke jeme ta, dabarar da wani mai suna Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Ta fi sauri ƙwarai, fatarta ta fi laushi, ta kuma fi jure ruwa. Irin wannan jima ce masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai ke yi, su na aika fatun awaki da na tumaki zuwa Italiya da Sifen. Sai dai a faɗi gaskiya, saman takalmin maza mai kyau da fatar maraƙi a ke yinsa, ta akuya da ta tunkiya sun fi tafiya ga shafi da jakunkuna da takalman mata. Ƙiragan shanunmu kuwa, wanda kaska da ƙaya da wuƙar mai fiɗa ba su ɓata ba, tukunya ce ke cinye shi da sunan ganda.

Ƙasan takalmi da awon ƙafa

In an gamsu da fata, sai a juya takalmin. Tambayar da za a yi ita ce, in ƙasan nan ya cinye, za a iya sa wani? Mafi ƙarko shi ne wanda aka kewaya bakinsa da wani zirin fata, aka ɗinke sama a jikin zirin, sa'an nan aka ɗinke ƙasa a jikinsa daban. Sunan Charles Goodyear ƙarami, ɗan wanda ya gano dafa roba, shi ke kan wannan ɗinki, don shi ya yaɗa injin yinsa wajen 1870, garin Northampton na Ingila kuma ya yi suna da shi. Irin wannan a na iya farke ƙasansa a sa sabo sau da yawa ba a taɓa saman ba, amma yana da tsada da nauyi. Mai bi masa shi ne wanda aka ɗinke ƙasa da sama kai tsaye, dabarar wani Ba'amurke Lyman Blake ta 1858, wadda mutanen Italiya suka fi so. In ka ɗaga shimfiɗar ciki za ka ga zaren. Na ƙarshe shi ne na gam zalla, shi ne kuma ya cika kasuwa. A lura, da yawa a kan zana musu ɗinkin ƙarya a jikin robar. Sa farce ka taɓa, zaren gaske yana motsi.

Na gam ba haramun ba ne in fatarsa mai kyau ce, muddin ƙasansa na da bakin da basilla za ta kama. Kai shi wurin shushaina tun yana sabo ya zagaye shi da ɗinki, kada a jira kwaltar watan Afrilu ta narkar da gam ɗin. Wanda za a guje wa shi ne mai ƙasan nan maras nauyi kamar soso, wanda 'yan kasuwa ke kira PU. Wannan roba tana da wata ɗabi'a: laimar iska na cin ta a hankali ko ba a taka ta ba, zafi kuma na ƙara mata sauri, har ranar da za ta marmashe kamar busasshen burodi. Shi ya sa mutum zai sayi takalmin gwanjo wanda ko ƙasa bai taɓa takawa ba, rana ta biyu ya bar dunduniyarsa a tsakiyar titi. Mai sayen gwanjo a Ƙofar Wambai ya lanƙwasa ƙasan sosai ya danna farce kafin ya biya. In ya dace da mai ɗinkakken ƙasa da lafiyayyar fata, sau da yawa ya fi sabo na kanti alheri.

Ƙasa na fata zalla kuwa, wanda Turawa ke alfahari da shi, yana da daɗin takawa a kan darduma, amma yana shan ruwa a watan Agusta, yana kuma santsi a wurin alwala mai tayil. In an same shi, a sa shushaina ya manna masa siririyar roba.

Sai awo, inda girman kai ke cutar mutane. Lamba iri biyu ce ke yawo a kasuwanninmu. Ta Ingila kowane mataki sulusin inci ne, ta sauran Turai kuwa kashi biyu cikin uku na santimita, don haka 8 ta Ingila ta yi kusa da 42, 9 kuma kusa da 43. Amma lamba tsawo kaɗai ta ke faɗa, ba ta san faɗi ba, ƙafar da ta girma cikin fade da silifa kuwa yatsunta su kan baje, ba su saba da matsi ba. Takalmin nan mai dogon baki kamar na shamuwa ba don irin ƙafarmu aka sassaƙa shi ba. A je saye bayan La'asar, lokacin da ƙafa ta kumbura da zirga-zirgar yini, a tafi da irin safar da za a riƙa sawa, ta auduga, a gwada ƙafa biyu duka, don da wuya ka sami mutumin da ƙafafunsa suka zo daidai. A miƙe tsaye a taka. Ya kamata a sami fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi, mafi faɗin ƙafa ya zauna a mafi faɗin takalmi, dunduniya kuma kada ta riƙa fita. Lofa ya fi bukatar wannan kula, tun da ba shi da igiyar da za ta gyara kuskure. In mai kanti ya ce zai buɗe, ka sani fata ta kan ɗan saki a faɗi, amma ba ta ƙara tsawo, roba kuwa ba ta yin ko ɗaya. Mai ciwon sukari ya fi kowa wajabcin kiyaye wannan, don ɗan bororon da takalmi ya jawo yana iya zama gyambon da zai kai shi asibiti.

Game da wurin saye, ba mu ga dalilin da zai sa a raina na gida ba. Masu ɗinkin takalmi na Ƙofar Wambai da sauran unguwannin birni, da na Kasuwar Ariaria ta Aba, akwai gwanaye cikinsu, har waɗansu su kan buga wa aikinsu sunan wata ƙasa don sun san halin masu saye. Rauninsu a wuri biyu ya ke: itacen nan mai siffar ƙafa da a ke ɗora fata a kansa, wanda sau da yawa ba su da shi iri-iri, da kuma abin da su ke cusawa a ciki inda ido ba ya gani, don wani kwali ya ke sawa a maimakon fata. Amma wanda ya ba da aiki da kansa yana da ikon da mai shiga kanti ba shi da shi. Shi zai zaɓi fatar a hannu tun ba a yanka ba, ya ce a yi shafi da fatar akuya, a sa mai tauri na kirki a dunduniya, a ɗinke ƙasa, a kuma auna ƙafarsa biyu a kan takarda. Ya ba da rabin kuɗi, ya riƙe rabi sai ya gwada.

Baƙin takalmi ba ya ɓoye ƙura, a Kano kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta neman izini. Hunturu na busar da fata kamar yadda ya ke busar da leɓe, sai ta tsattsage. A goge ƙurar da burushi ko tsumma kowane maraice kafin a sa mai, don in aka shafa mai a kan ƙura an yi wa fata yashi ne. Man gwangwani irin Kiwi, wanda aka fara yi a Melbourne ta Ostareliya a 1906, kaɗan a ke sawa, a bari ya sha, sa'an nan a buga. Na ruwa mai soso a baki yana ba da ƙyallin gaggawa, amma yana taruwa ya yi ɓawo. In ruwan sama ya jiƙa takalmi, kada a shanya shi a rana ko kusa da murhu. A cusa masa tsohuwar jarida a bar shi a inuwa. Wanda Allah ya hore wa, ya sayi biyu ya riƙa hutar da ɗaya, don fata na bukatar yini guda ta bushe daga gumi. A riƙa duban dunduniya kuma, da zarar robar ƙarshe ta cinye ta gefe guda a kai wa shushaina ya sauya ta tun cin bai kai ga jikin takalmin ba, a gaya masa ya yi amfani da zaren da aka shafa wa kaki, kada ya buga ƙusar da za ta ɓullo ta ciki ta huda safa.